Layar da Ba Ni da Ita

Mantuwa ta yi mini yawa yanzu, almakashi ma sai in ajiye shi da hannuna in tashi ina nema, amma akwai wata Lahadi ta damina da ko na so in manta da ita ba za ta ƙyale ni ba. A ranar na rasa ƙanena a kan kwaltar da ta taso daga Malbaza zuwa Konni. Ina zaune a gefensa abin ya faru, shi ya tafi, ni na fito da ƙafafuna. Mutanen garinmu suna da nasu bayanin yadda aka yi na fito, kuma ba daidai ba ne. Yau nake so in faɗi nawa.

Ni tela ne, shagona yana kan hanyar tasha a Birnin Konni. Ƙofar shagon ita ce fadarmu, nan muke jera benci mu ɗora shayi, a yi ta gardama har kiran salla ya raba mu. Da yake ni ke da tele da parabol, faifan nan mai kamo tashoshin waje, a kan rufi, ranar ƙwallo ko kokowa wurin cika yake yi. Wata Lahadi babu wasa, ina ta latse-latse, sai na faɗa kan wasu motoci masu kwanciya da ƙasa, tayoyinsu a waje, suna kuka kamar an taɓa amyar zuma. Na ce bari in ga inda za su da wannan gaggawa. Ashe ba inda za su, zagaye kawai suke yi. Amma kafin su gama zagayen, shayina ya huce a hannuna ban sani ba.

Tun daga ranar ciwon kallon tseren motoci ya kama ni. Faransancin da na tsinta a lakwal, wato makarantar boko, kafin in gudu ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni in bi bakin masu sharhi, har na gane abin ba taka totur kawai ba ne. Akwai taya mai laushi da ke da gudu amma ta cinye da wuri, akwai mai tauri da ke jure wahala, kuma mutum yana iya zubar da tsere gaba ɗaya in ya makara wajen taka birki sau ɗaya tak. In aka yi ruwa kuwa, ranan ake sanin direba. 'Yan fada da farko dariya suke mini, wai ina kallon abin da ba gola ba kaye. Canjin taya ne ya jawo su. Mota za ta tsaya, mutane su rufe ta, kafin ka ƙifta ido an cire huɗu an sa huɗu ta wuce. Maƙwabcina mai faci ne, mutum mai baki, ranar ya sha tsiya. Muka ce shi tayar babur ɗaya sai ta kai shi daga hantsi har azahar. Ya ce a ba shi mutanen da za su riƙe masa kaya kamar haka a gani.

Sunayen direbobin suna mana wuyar faɗi, don haka muka raɗa musu namu. Gwanina Dattijo muke ce masa, saboda ba ya garaje, yana lallaɓa tayarsa, ya bi mutum a baya har sai ya yi kuskure. Gwanin ƙanena kuma Ɗan Zafi, wani yaro da in ya ga 'yar kafa sai ya cusa kai, ko ya wuce ko su tarwatse tare. In ya wuce kuwa ba abin da ya kai shi daɗin kallo, wannan ba zan yi ƙarya ba.

Ƙanen nan nawa shi ne autanmu, kuma Auta kowa ke ce masa har ya yi aure ya haihu. Direba ne, yana jan ƙaramar motar fasinja tsakanin Konni da Malbaza, wani lokaci har Galmi. Allah ya ba shi hannu, ya san kowane rami a hanyar nan kamar tsakar gidanmu. Amma ranar tsere ko an cika masa mota ba ya tashi. Sai ya zo ya ture wani a benci ya zauna gaban tele, hannuwansa suna juya sitiyarin da babu. In Ɗan Zafi ya wuce Dattijo sai ya juyo ya dube ni.

"Yaya, tsohonka ya gaji. A kai shi gida shi kwanta."

"Bari a kai ƙarshe tukuna."

"Da can anka haihe ni, wallahi da ni kuka kallo yanzu."

Abin da ya raba ra'ayinmu ya faru ne a wani tsere, tun a zagayen farko. Motoci sun taso a cunkushe, sai wata ta goge wata, ta kauce, ta tafi kai tsaye ta daki shingen ƙarfe. Motar ta rabu biyu, wuta ta tashi sama. Mai zuba shayi ya tsaya da buta a hannu. Ni na riga na sallama, don ban ga yadda ɗan adam zai kasance cikin wannan wutar ya rayu ba. Can sai ga mutum ya ɓullo daga tsakiyarta, ya dafa shingen ya tsallako yana yarfa hannuwa. Da ƙafarsa ya taka zuwa motar likita.

Mai faci ne ya fara magana. "To, kun gani da idonku. Kuna cewa Annasara ba su san asiri ba. Wanga in ba laya ba, mine na?"

Duk wanda ya tashi a bakin tasha ya san wannan zancen. An ce akwai layar da tsofaffin direbobi ke ɗaurawa, in mota za ta kife sai ta ɗauke mai ita, a same shi zaune a gindin itace ko ƙwarzane babu, fasinja kuwa sai yadda Allah ya yi da su. Kowa ya san wani da ya san wani mai ita. Ni ban taɓa ganin mai ita da idona ba, amma da labarin na taso kamar kowa.

Na ce musu su saurara, ga shi ana bayani. Aka yi ta maimaita hoton ana nuna abin da ya tsare mutumin: ɗamarar da ta ɗaure shi da kujera ta kafaɗu da ƙugu, wani ƙarfe mai kama da baka da ke kare kansa, hular kwano, da rigar da wuta ba ta saurin ci. Na ce yadda na fahimta, mutanen nan sun binne 'yan'uwansu da yawa kafin su koyi wannan, duk wanda ya mutu sai sun zauna sun bincika abin da ya kashe shi sun toshe.

"Dut wanga ruhwa-ido na," in ji mai faci. "Za su hwaɗa maka gaskiya cikin tele?"

Na waiwaya wajen Auta. Idonsa na kan mutumin da ake sake nunawa yana fitowa daga wuta, kuma abin da na gani a fuskarsa ba tsoro ba ne, sha'awa ce. Ni kuwa ko sauran tseren ban kalla da daɗi ba.

Daga ranar na ɗauki wata ɗabi'a da ta ja mini tsiya a gari: duk motar da na shiga gaba sai na ɗaura santir, wato ɗamarar kujera. Wanda bai san wurinmu ba zai ga ba komai ba ne. A nan kuwa, ka shiga motar mutum ka ja santir ka danna, kamar ka ce masa bai iya tuƙi ba ne, ko kana yi wa tafiyar mugun fata. Direbobinmu suna da dabararsu. Sai su zagaya da ita ta bayan kujera su danna ta can don motar ta daina yi musu ƙara, in an hango shingen jandarma a jawo madaurin a rataya a ƙirji, ana wucewa a mayar. Auta da hannu ɗaya yake yin wannan, bai ko rage gudu ba.

Labarin mutumin wuta ya shiga cikin gida ta bakin Auta, kuma yadda mai faci ya fassara shi haka ya kai shi. Innarmu tun ranar da yaron nan ya kama sitiyari ba ta ƙara barci mai daɗi ba, in ya yi yamma bai dawo ba tana bakin zaure da carbi. Da ta ji cewa har mutanen tele da abin suke tsira, ba ta yi shawara da kowa ba, ta tafi ƙauyensu can wajen Illela ta dawo da laya ɗinke cikin jar fata. Da hannunta ta ɗaura masa a damtse, daga nan ta samu barci. Ban ga laifinta ba a lokacin, ban gani ba har yau. Tsohuwa ce da ta nemi abin da ta sani don ta tsare ɗanta.

Sai dai ƙafar Auta ta ƙara nauyi a kan totur. Abokan aikinsa suka fara kawo mini ƙara a fakaice, wai har wata mata ta sauka a Tsarnawa tana kuka ta ce ba za ta ƙarasa da shi ba. Na kira shi shago na zaunar da shi. Na ce ko Ɗan Zafin nasa a ɗaure yake tamau, kuma a hanyarsu babu jaki, babu akuya, babu mai tahowa ta gaba. Ya saurare ni har na gama, don ba ya katse ni, sannan ya daki damtsensa.

"Yaya, Inna ta gama da wanga zance. In kwana ya ƙare, ko cikin ɗaki kake sai ka tahi. In bai ƙare ba, mi santir za ta ƙara mani?"

Na ce ajali gaskiya ne, amma ba a ce mutum ya tashi ya tarye shi ba. Ya yi dariya ya ce ni da Dattijo duk ɗaya, tsufa ya kama ni tun ban yi furfura ba. Na so in je wa Inna da maganar, amma ni ɗan fari ne. Ba ta kiran sunana, ba ta hira da ni, in tana da saƙo sai ta faɗa wa bango ina ji, ko ta aiko matata. Ta yaya zan tsaya gabanta in ce abin da ta wahala ta nemo shi ke ƙara jefa ɗanta cikin haɗari? Na yi ta juya maganar ban samu bakin zaren ba.

Lahadin da nake magana, ranar sunan ɗan ƙanwata ce, wadda ke aure a wani ƙauye gaba da Malbaza. Inna ciwon ƙafa ya hana ta zuwa, mu biyu muka tafi da sassafe a motar Auta. Na sa farar shaddata. Ina shiga na lalubo santir ɗin gefena, wadda na tabbata tun da aka shigo da motar ƙasar nan ba wanda ya taɓa ja. Da ƙyar ta fito, na danna.

Auta ya sha kunu. "Yaya, cikin motata? Mugun hwata kaka yi muna tun da sahe?"

"Ja mu tahi, rana na yi."

Da muka isa na sauka, sai na ga mutane suna duban ƙirjina suna danne dariya. Dauɗar shekaru da ke jikin santir ɗin ta zana mini baƙin layi a farar riga, daga kafaɗa har ƙugu. Auta ya samu abin yi. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce masa ya fara gaida sabon magajin gari, ga ɗamarar mulki a ƙirjinsa. Na yi dariya tare da su. Ita ce dariyar ƙarshe da muka yi tare, shi ya sa nake riƙe da ita.

An raɗa suna, an yanka rago, ƙanwata ta ce ba mai tafiya sai ya ci. Tuwo bai sauka ba sai gab da azahar. Auta yana ta duban wayarsa, don ranar akwai tsere, kuma gwanayenmu biyu ne a sahun gaba. Muna sallame salla ya tayar da mota. Na ce ya bi a hankali, ai ana maimaitawa daga baya. Ya ce abin da aka riga aka san wanda ya ci ba tsere ba ne, ɗumame ne.

An ɗan yi yayyafi, kwalta tana sheƙi. Gero ya yi tsayi dama da hagu, ba ka ganin abin da ke cikin gona sai ya fito. Mun wuce Malbaza muna neman Tsarnawa, muka tarar da tirela ɗauke da siminti tana ja da ƙyar. Auta ya manne mata a baya, yana leƙawa yana komawa yadda muka sha gani a tele. Na ce, "Auta, bar ta." Ya ce, "Duba ka gani, Yaya." Ya fita.

Mun kai tsakiyar tirelar sai ga amalanken jaki ya fito daga cikin gero da wani tsoho a kai, ya hau kwalta a gabanmu. Dama tirela, gaba tsoho. Zan faɗi wannan don haƙƙinsa ne: Auta bai taɓa tsohon nan ba. Ya karya sitiyari hagu, ya bi ta bayan amalanken ya bar kwalta. Taya ta faɗa ramin da ruwa ya zaizaye, motar ta tashi. Na ga gero a sama, na ga sama a ƙasa, wani abu ya shaƙe ni a ƙirji kamar za a raba ni biyu. Ban san sau nawa muka juya ba.

Da komai ya tsaya na samu kaina a rataye, kai ƙasa, furar da aka ba mu mu kai wa Inna tana ɗiga a fuskata. Na ji warin mai. Na duba gefena, kujerar Auta ba kowa, gilashin gaba babu. A wannan lokacin, ni da na yi ta musu a fada, zuciyata ta ce mini layar ta ɗauke shi. Wallahi murna na yi. Na ce yana can gindin itace yana jirana ya yi mini dariya.

Na danna santir na faɗo, na rarrafo ta taga na miƙe tsaye, ba inda ke jini a jikina sai 'yar tsaga a goshi. Manoma suna ta fitowa daga gonaki da hauya a hannu, tsohon mai jaki ya durƙusa a kwalta yana salati. Na yi ta kiran Auta ina duban gindin itatuwa. Wata mata ce ta nuna mini inda gero ya kwanta, can nesa da motar.

Yana kwance rigingine, ƙafarsa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, jini na fita ta kunnensa. Layar tana damtsensa. Idonsa biyu. Na durƙusa na tallafi kansa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ga na zo da ƙafata, sai bakinsa ya motsa kamar mai son murmushi.

"Ashe kai ad da layar ƙwarai, Yaya," ya ce. "Kaɓ ɓoye mani."

Na san ƙanena. Tsiya yake mini irin wadda ya saba, yana so in bar kukan da na fara. Amma mutanen da suka kewaye mu ba su san shi ba. Sun dai ji mai mutuwa ya yi magana, sun ga yadda motar ta koma, sun gan ni tsaye. Aka samu wata a-kori-kura ta ɗauke mu. Ina yi masa kalmar shahada a kunne yana karɓa, har ya daina karɓa. Ba mu kai Konni da shi ba. Kafin rana ta faɗi an yi masa sutura mun kai shi makwancinsa.

Maganar ta riga gawar isa gari. A zaman makoki mutum zai yi mini gaisuwa, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, idonsa a kan damtsena. Direbobin tasha suka zo, bayan an shafa fatiha biyu daga cikinsu suka ja ni gefe suna tambayar inda na samo. Mai faci, wanda ya fi kowa kuka a maƙabarta, ya same ni bayan shago ya ce, "Ni ba ni neman komi gare ka. Amma ɗan'uwanka na, ciki guda." Raina ya ɓaci, na ɗaga riga na nuna masa. Santir ɗin ta bar mini shati baƙi ƙirin, jini ya kwanta daga kafaɗa har ƙugu. Na ce ga abin da ya riƙe ni. Ya duba ya girgiza kai, ya ce ai dama an ce inda layar ta kama mutum ta ɗaga shi sai ta bar alama. Daga nan na daina yi wa mutanen waje bayani, ciwon da ke cikina ya ishe ni.

Bayan an watse daga makoki, wata safiya matata ta ce Inna tana kira. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kirana ɗakinta ba. Na cire takalmi na durƙusa daga bakin ƙofa. Ta rame, idanunta sun faɗa. Layar Auta tana hannunta, masu wankan gawa sun kwance sun kawo mata, tana ta juya ta. Ranar ba ta yi wa bango magana ba, ni ta duba.

"Wadda nis samo mishi ba ta da ƙarhi," ta ce. "Ko an cuce ni, ko ni ban iya nema ba. Taka ta yi aiki, na gode Allah. Amma kai da kaka zaune gaban keke, shi da shika bisa hanya kullum, don mi ba ka ba shi ba?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba, da ma faɗan ne da ya fi mini sauƙi. Hannuna ya kai wuyan riga, zan nuna mata shatin in faɗa mata komai, cewa babu wata laya, ɗamarar mota ce, irinta tana bayan kujerar Auta a danne, kuma abin da ya sa ya raina ta shi ne ya dogara da abin da ke damtsensa. A nan na tsaya. Na dubi abin da take juyawa a hannunta. Yanzu zargin da take wa kanta bai wuce na rashin samo mai ƙarfi ba. In na faɗa, kuma ta yarda da ni, za ta kwana ta tashi har ƙarshen ranta da sanin cewa abin da ta ɗaura masa da hannunta ne ya cire masa tsoro. Na ga gara ta riƙe ni a matsayin marowaci da ta riƙe kanta a matsayin wadda ta tura shi.

Na sauke hannuna. Ban ce ina da ita ba, ban ce ba ni da ita ba. Na ce, "Inna, ki gahwarta mani."

Hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Daga tsakar gida ana jin ɗan Auta, wanda lokacin ko yaye shi ba a yi ba, yana kuka a bayan uwarsa.

"Shi ya wuce," ta ce. "Amma ga ɗanai nan. Jinin ubanai na, na san mota za shi ja. In ya girma, ka ba shi. Kar ka hana mishi."

"Za ni ba shi, Inna. Na ɗauki alkawali."

Wannan kam ba ƙarya na yi mata ba. Yaron yana tasowa a hannuna, kuma duk motar da muka shiga ni nake ja masa santir in danna, direba ya sha kunu ko ya yi dariya, ruwansa. Inna tana gidana har yanzu. Ta koma yi wa bango magana, kuma na san a ranta ni ne ɗan da ya hana ƙanensa magani. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba, amma na zaɓa. Ba ta karatun boko, duk wanda ya gane mu a cikin wannan labari ina roƙonsa don Allah kada ya kai mata.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, in ka ga mutum ya shiga haɗari ya fito, kada ka tsaya a kan jarumtarsa ko ka ce asiri ne, tambayi abin da ya ɗaura kafin ya shiga. Kuma duk abin da zai cire wa mutum tsoro bai ƙara masa kariya ba, ba tsari ba ne, ko da ƙauna aka ba shi. Auta ya fi ni iya mota nesa ba kusa ba, ya fi ni zuciya, ya fi ni farin jini. Abin da na fi shi a ranar tsoro ne kawai, kuma da ikon Allah shi ne ya dawo da ni gida.